Na Ce A Turo Yara

Talata, 2 ga Afrilu 1985, hutun rana

Kayen nan na biro ne, wato ofishinmu, ɗauka na yi ban tambaya ba. Allah ya yafe mini, kamfanin da sitonsa ke cike da fatu ba zai talauce don littafin rubutu guda ba. Ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa.

Tun safe nake buga takardun fatun da suka zo daga Tawa. Shekara goma sha uku ina daktilo, mai buga takardu da mashin, a kamfanin nan na sayen fatu da ƙiraga, ban taɓa ganin irin na bana ba. Ƙirgin shanu har ba wurin ajiya. Dirakta sai murna yake, wai kaya sun yi araha. Ni kuwa 'yar Adar ce, na san abin da ke sa makiyayi ya kawo ƙirgi kasuwa ba nama. Rediyo dai kullum soja na cewa an shawo kan lamarin. To.

Jiya Mijinyawa ya zo gida. Ɗan garinmu ne, shi ke jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin kasuwar Katako da Buza. Wai Yaya Kande tana gaishe mu, suna nan lafiya. Na ce, “Ya yara?” Ya ce, “Yara lafiya lau.” Sai ya tsaya yana juya hularsa a hannu, can ya ce, “Halimatu, anza fa suke ci.”

Anza! 'Ya'yan itacen nan masu ɗacin tsiya, da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Da wane ruwan? Rijiyarmu ko a shekarar arziki sai an haɗa igiya biyu.

Ban tambaye shi abin da nake so in tambaya ba. Shi ma ya sani, bai faɗa ba.

Laraba, 3 ga Afrilu, bayan asuba

Bari in rubuta sau ɗaya, in huta. Akwai yarinya wajen Yaya. Shekararta goma sha ɗaya. Ni na haife ta, ita ce ta fari, kuma a garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta ɗaga ido ta dube shi gaban mutane. Ranar da na yaye ta Yaya ta zo har unguwarmu Bukoki, nan Yamai, ta goye ta ta tafi, lokacin Allah bai ba ta haihuwa ba tukuna. Ɗiyar Yaya ce. Haka kowa ke cewa, haka ni ma nake cewa. Daga baya Yaya ta samu nata biyu, Hajjo da Bawa, amma ba a kwance riƙo don wannan. Ni ma na samu Abdu da Raliya, su ke gabana.

Sau huɗu na gan ta tun daga ranar. Na ƙarshe, sallar bara waccan, ta kawo mini ruwa ta durƙusa, na ce “ajiye nan” ina kallon bango. Tana da wushirya irin tawa. Ta wutsiyar ido na gani.

Ko a nan hannuna ya ƙi rubuta sunan.

Jumma'a, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Maigidan ya dawo daga Zango bai ko buɗe murfin kekensa ba. Wa zai yi ɗinki bana? Kwana goma, wando ɗaya aka kawo masa, shi ma faci. Albashina ke riƙe da gidan nan, kuma ba ya kai mu ƙarshen wata, balle in yi aike.

Na kwana biyu ina tunanin kes, asusun nan da ake tara mana kuɗin tsufa.

Litinin, 8 ga Afrilu, hutun rana

Na shiga wajen Mushe Lawali, kwantabul ɗinmu mai riƙe da lissafin kuɗi. Mutumin Damagaram ne, mai sanyin magana, irin wanda ko ruwa zai sha sai ya duba takarda. Na ce ina son abin da na tara a kes ɗin tsufa.

Ya cire tabarau ya ce, “Madam, zauna tukuna.” Ya yi mini bayani kamar ban sani ba. Kowane wata ana yankar wani abu a albashina, kamfani ya ƙara nasa. Wanda ya cika shekara goma sha biyar, duka nasa ne, kuma in ya tsufa ya dinga karɓa wata wata har ya koma ga Allah. Wanda ya ɗiba kafin nan, abin da aka yanka masa kawai zai samu. Na kamfani ya tafi, shekarun ma a goge su, ya sake daga farko.

Ya ce, “Saura miki wata ashirin kacal. Ki daure mana.”

Na ce, “Mushe, cikin da ke cin anza zai jira wata ashirin?”

Ya dubi ƙofa, ya ce in rage murya. Ya miƙo takardar ya ce in buga da kaina tunda aikina ne. Wurin da aka ce a faɗi dalili na ce zan sa yunwa. Wallahi har ya miƙe tsaye. “A'a, a'a, Madam! Kalmar nan ba a buga ta a takarda bana. Sa matsalar iyali.” Na sa matsalar iyali. Shanu dubu sun mutu na buga su da yatsuna, amma ni matsalar iyali gare ni.

Bayan magariba

Na gaya wa maigidan. Ya ce, “Tsufanki kike ci tun yanzu, Halimatu.” Na ce to ya kawo nasa mu ci. Kash. Bakina wata rana shi zai kai ni wuta. Mutumin ya ɗauki buta ya fita. Ɗiyarsa ce shi ma, kuma shi ma ba ya iya faɗa.

Laraba, 10 ga Afrilu, hantsi

Wai sai an manna wa takardar tambur biyu, kan sarki na gwamnati. Na sayo. Wai Dirakta ya tafi Maraɗi.

Alhamis, 11 ga Afrilu, hutun rana

Zeinabu mai riƙe da tarho ta kama ni ina share ido a bayan sito. Bazabarma ce, haihuwar Kale, ba ta da ɓoye-ɓoye. Na ba ta labari sama-sama. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Ke! Wane irin hatsi kuma? Shiga mota ki ɗauko 'yarki mana!”

Na ce, “Ɗiyar Yaya.”

Ta ce, “Oho dai. Mu ma muna kunyar ɗan fari, amma tamu ba ta kai nan ba.”

Ba za ta gane ba. Yaya ce ta riƙe ni bayan rasuwar Inna. Ita ta sayar da akuyarta ta saya mini kayan lakwal na shiga makaranta, ita ta tsaya gaban Baba da ya ce karatun ya isa haka. Wannan mashin da nake bugawa, akuyar Yaya ce. Yanzu in aika in ce ta maido mini yarinya? Na ce mata ta kasa ke nan. Na ce mata shekara tara aro na ba ta. Gari duka zai ji, kuma Yaya ba za ta sake ɗaga kai a bakin rijiya ba.

Zeinabu ta ce, “Kala suru,” wato sai haƙuri, ta koma wajen tarhonta. Haushinta nake ji har yanzu, don na san ba ƙarya ta yi ba.

Jumma'a, 12 ga Afrilu

Dirakta ya dawo. Bai sa hannu ba.

Litinin, 15 ga Afrilu, da rana

Ba aiki, ranar soja ce. Tun safe ake ta badujala a rediyo. Abdu ya nace sai ya je kallon fareti, na daka masa tsawar da ta fi laifinsa, ya shige ɗaki yana kuka. Buhun hatsi ya ƙara jika biyu a Katako tun ranar da na buga takardar nan. Iyakar Najeriya a rufe, ba abin da ke shigowa.

Kullum in ina cin tuwo sai in ga kamar wani na kallon hannuna.

Talata, 16 ga Afrilu

Bai sa hannu ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Ya sa. Mushe Lawali ya miƙo mini ambulan, ya ja layi ja a kan katina daga sama har ƙasa. Shekara goma sha uku da wata huɗu, ko nauyi ba su yi a jaka ba. Ya ce, “Allah ya sa kin yi daidai, Madam.” Na ce amin. Ban ji baƙin ciki ba, wallahi daɗi na ji, irin wanda na daɗe ban ji ba.

Buhu takwas na hatsi suka samu, da sukari, da ɗan mai, da kuɗin mota.

Asabar, 20 ga Afrilu, hantsi

Mijinyawa ya tashi.

Tun asuba nake shirya maganar da zan ba shi. Na samo dabara: ba zan ce a maido kowa ba, zan ce a turo ta hutu, har ruwa ya sauka. Hutu ba cin fuska ba ne. Na maimaita a raina ya fi sau ashirin, da sunan da komai.

Da na isa Katako sai na tarar da dattawan garinmu biyu zaune kan buhuna, su ma motar za su bi. Ɗaya abokin Baba ne. Na durƙusa na gaishe su, suka yi ta sa mini albarka, wai ɗiya ta gari ba ta manta gida ba. Mijinyawa ya ce, “Akwai saƙo?” Duk suka kasa kunne.

Na ce, “Ka ce wa Yaya, in ta ga da hali, ta turo yara su sha iska nan Yamai har ruwa ya sauka.”

Ya ce, “Yara?”

Na ce, “Yara.”

Ya tsaya yana dubana, kamar mai jiran saura. Sai na ƙulla kuɗin mota na mutum uku na danƙa masa, na ce, “Na mutum uku ne.” Nata biyu ne, na ukun kuwa ai ba sai an faɗa ba. Yaya mace ce mai hankali, za ta gane. Dattijon nan ya gyaɗa kai, na ga ya ji daɗin yadda na yi maganar.

Talata, 23 ga Afrilu, bayan magariba

Maigidan ya buɗe kekensa. Ya ɗauko wani guntun atamfa da ya ɓoye tun bara, ya kira ɗiyar maƙwabta ya gwada tsawonta, ya ɗinka riga. Raliya ta ce ta wa ce, ya ce ta baƙuwa. Ni ban tambaya ba. Na share ɗakin baya, na sayo tabarma sabuwa.

Me zan ce mata in ta shigo? Ina ganin “sannu da hanya” ba laifi ba ne. Kowa ana ce masa sannu da hanya.

Jumma'a, 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Biyu suka sauko.

Na tsaya bakin kamyon ina kallo. Hajjo ta sauko, aka miƙo Bawa, ƙafafunsa kamar sillen kara. Sai wata tsohuwa, sai buhunan albasa. Na ci gaba da tsayuwa. Mijinyawa ya zagayo ya sa mini ƙullin kuɗi a hannu, bai dube ni ba. Ya ce, “Ta ce na ukun ba a faɗi ko na wa ba ne.”

Akwai mutane. Na ce, “Madalla. Sannunku da hanya.”

Maigidan ya ga mun shigo mu uku, ya naɗe rigar ya tura ƙarƙashin katifa.

Asabar, 27 ga Afrilu, hantsi

Ina yi wa Hajjo wanka, shekararta bakwai, bakinta bai san abin da ake ɓoyewa ba. Ban tambaye ta ba, Allah shaida ne, ita ta fara.

Ta ce, “Inna ƙarama, Yayarmu ma ta ɗaure kayanta. Ta zo har bakin mota. Sai Inna ta ce ba da ita aka ce ba. Sai ta aje ƙullin ta ɗora mu.”

Na ce ta rufe ido sabulu zai shiga.

Ta ce, “Ba ta yi kuka ba. Ita dai cikinta ke ciwo, tana ta zagayawa tun kafin hatsinki ya zo. In an raba anza, ba wa Bawa nata take yi.”

Na zuba mata ruwa, na goge ta, na shafa mata mai, na sa mata riga. Sannan na shiga bayan gida na toshe bakina da zane.

Haba Yaya! Haba Yaya! Mutum uku na ce. Uku! Wa kike zaton na ukun, ni ce zan zo in hau?

A'a. Ba Yaya ba ce. Ni ce. Mutumin nan ya tsaya ya jira ni, na gani da idona yana jira.

Litinin, 29 ga Afrilu, hutun rana

Na nemi izinin tafiya. Dirakta ya ce ƙarshen wata ne, wa zai buga takardun albashi? In gama tukuna. Ban yi gardama ba, ni da ba ni da komai yanzu sai aikin nan. Na buga kamar mahaukaciya, na ɓata shafi huɗu.

Zeinabu ta cire 'yan kunnenta na zinariya ta sa mini a jaka, wai in sayar in kai yarinyar likita a Tawa kafin mu taho. Ba ta ce “ai na gaya miki” ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Talata, 30 ga Afrilu

Na gama albashi. Ba mota sai jibi.

Alhamis, 2 ga Mayu, Ƙonni, azahar

Shingen soja bakwai tun daga Yamai. A kowane sai an sauke mu an duba kardante, katin shaida. A bakin hanya mutane ne zaune da tukwanensu, ba sa ko miƙa hannu. Soja ba sa barin su su wuce yamma.

Wannan karon ba dabara. Zan durƙusa gaban Yaya, ko gari duka na wurin, in ce na zo ɗaukar ɗiyata, in kira sunan. Su ce na yi karatun nasara na zubar da kunya. Su ce. Ina ta faɗinsa a hankali cikin ƙarar mota don bakina ya saba. Daɗin faɗi gare shi. Ban taɓa sani ba.

Asabar, 4 ga Mayu, gida

Tabarmi na tarar a ƙofar gida, maza zaune.

Talata ta rasu, wai. Da hantsi.

Lahadi, 5 ga Mayu, bayan azahar

Mata sai shigowa suke. Kowace ta wuce ni ta durƙusa gaban Yaya. “Kande, ya haƙuri? Kande, Allah ya ba ki dangana. Allah ya sa mai ceto ce.” In sun juyo su ce mini, “Halimatu, an zo lafiya? Ya Yamai?” In ce lafiya lau.

Ni ma da na shigo jiya abin da na yi ke nan. Ƙafafuna suka kai ni gabanta, na durƙusa na ce, “Yaya, ya haƙuri?” Ta ce, “Haƙuri sai ma'aiki.” Na koma bayan mata na zauna.

Wata tsohuwa ta nuna ni ta ce, “Kun ga ɗiyar mutunci. Duk zaman birni bai ɓata ta ba, ko ɗigon hawaye.” Da na buɗe baki a lokacin, da abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Buhu bakwai na nan jingine a ɗaki. An dama mata kunu tun ranar da suka iso, cikin ya riga ya daina riƙe komai.

Litinin, 6 ga Mayu, tsakar rana

Yaya ta same ni bayan rumbu, inda ba kowa saboda rana. Ta tsufa, wallahi kamar Inna a shekararta ta ƙarshe. Na zo da maganganu cike da ciki, na rantse sai ta ji su. Ita ta riga ni.

Ta ce, “Mi ya hana ki faɗi, Halima?”

Na ce, “Na mutum uku na aiko.”

Ta ce, “Na gani. Na kwana ina juya kuɗin nan. Na ce in na ɗora ta, a ce ranar daɗi Kande ta riƙe ɗiya, ranar wuya ta maida wa mai ita. Na ce in ƙanwata na son ta, ai sai ta faɗi. Kalma guda, Halima. Da kin faɗi, da da hannuna zan ɗora ta, in ce uwarta ta kira, ba ni na kore ta ba.”

Na ce, “Kunyarki na ji, Yaya.”

Ta ce, “Ni ma taki na ji.”

Muka zauna a ƙasa. Ta ce da motar ta tashi yarinyar ta tambaye ta, “Inna, Inna ta Yamai ta san sunana kuwa?” Ta ce mata ta sani mana, ai ita ta zaɓa.

Nan na yi kukana, Yaya ta danne kaina a cinyarta don kada a ji daga cikin gida.

Ban je inda aka sa ta ba. Mata ba sa zuwa.

Jumma'a, 10 ga Mayu, Bukoki, bayan la'asar

Na dawo. Maigidan ya tare ni a zaure, ya karɓi jakata, ya ce, “Ya kika baro Yaya da haƙuri?” Na ce tana gaishe shi. Muka tsaya muna kallon ƙasa mu biyu, sannan ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Hajjo da Bawa za su zauna har ruwa ya sauka. Bawa ya fara yin kumatu. Ina so in ji daɗin haka, kuma ina jin daɗin, amma ba kullum ba. Allah ya yafe mini wannan ma.

Na maida wa Zeinabu 'yan kunnenta. Ita kaɗai a duk garin nan ta rungume ni ta ce, “Sannu, uwar yarinya.”

Litinin, 13 ga Mayu, hutun rana

Mushe Lawali ya kira ni. Ya ce ya ji an yi wa yayata rashi, Allah ya jiƙan ɗiyarta. Na ce amin, na gode. Ya ce tunda an goge tsohon kati sai a buɗe mini sabo a kes, a fara yanka daga watan nan. In Allah ya kai mu shekara ta dubu biyu zan cika goma sha biyar ɗin. Na ce to.

Ya ɗauko farin kati ya hau tambaya kamar yau ya fara ganina. Suna. Garin haihuwa. Sunan miji. Na yi ta ba shi amsa ina kallon fanka.

Ya ce, “Yara nawa, Madam?”

Na ce, “Biyu.”

Tun da aka haifi Raliya amsar da nake ba kowa ke nan, a biro, a asibiti, a gidan suna, har ina jin kaina wai ni mai kunya. Yau ce rana ta farko da na faɗe ta ba ƙarya na yi ba.